Hannun Sha'ir na Gidan Irmtraud

Wendelbruck, ƙarshen Mayu

Mene ne wannan: an yanka shi tun yana yaro, an rataye shi kai ƙasa cikin duhu har ya bushe ƙayau, amma ranar da aka sauko da shi magajin gari ma a bayansa yake tafiya?

Henrike, Ɓerana, ki tauna wannan kafin ki tauna biskit ɗin da na cusa miki a ƙunshin. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya a can bangon duniya, ke da jariran Suwidin da kike ta janyowa. Ni kakarki ina nan daram, ina ci, ina sha, ina musu da likita. Kyanwa ta haihu a kwandon wanki. Agogon hasumiya ya sake tsayawa, baƙi sai ɗaukar hotonsa suke yi wai tsufa ne ya tsayar da shi, alhali mai ɗaure shi ne ya tafi cire haƙori.

Matan bikin girbi mun yi zaman farko. Kambin bana, wanda muke ɗaurawa da zangarniya a kan ƙarfe, kamar na kullum ne, hannu huɗu, kowane hannu da hatsinsa: alkama ta gidan Ottilie, hatsin baƙin burodi na matar mai gasa burodi, hatsin dawakai na 'yan ƙofar kudu, sha'ir kuwa namu, kamar yadda yake tun kakata tana da haƙora. Kin san dokar, wadda ta kawo hatsi ita ke ɗaure hannu, hannun da ya bar gida kuma ba ya dawowa. To, Ottilie, abokiyar hamayyata tun makaranta, ta zauna tana kallon yatsuna kamar mahauci a gaban ɗan maraƙi. Ta kira ni da sunan yarinta ta ce, "Traudl, surukata Kerstin hannunta da laushi, in kin gaji." Na ce mata laushi a man shanu ake nemansa.

Amma ke dai zan faɗa miki. Yatsun nan sun fara yi mini taurin kai. Maɓallin riga sai na yi masa magiya. Uwarki ba ta da amfani a nan, ko hoton zangarniya ta gani sai atishawa. Ke kaɗai kika rage, ke da kika fara koyon aikin ta hanyar cinye shi a ɗakin sama. Sha'ir ɗin gonar Leonhard ya fara gemu, lokacin lauje ya matso. Ki ɗauki hutu ki zo ki riƙe mini. In kin ƙi, zan mutu da gangan in bar wa kyanwa gidan.

Kada ki bugo waya. Na'urar kunnena tana cikin gwangwanin sukari, a nan ta fi zama lafiya.

Taki,
Oma Irmtraud


Arewacin Suwidin, tsakiyar Yuni

Oma tawa,

Na ga wasiƙa, na cinye biskit, na gode. Lafiyata lau, sai dai rana ta ƙi faɗuwa, barci ya zama abin nema. Ki gaida kyanwa da magadanta.

Amsar kacici-kacicinki: cinyar aladen da mijinki, marigayi Opa Alwin, yake ratayewa a ɗakin hayaƙi. Magajin gari yana bin ta saboda ƙamshi. Na ci?

Yanzu zancen yatsu. Oma, ki ji tsoron Allah. Bara zuciya ce, na baro aiki na taho a guje, na same ki a kan tsani kina tsinkar tuffa. Kafin nan gwiwa ce, na iske ki kina rawa da fasto a tsakar kasuwa. Bana kuma yatsu. Sauran me, gashin gira? Wasiƙar da ta zagi Ottilie shafi guda da rubutu tsaf ba ta fito daga hannun da maɓalli ya gagara ba.

Hutu yanzu ba zai yiwu ba. Duk matan yankin nan kamar sun haɗa baki su haihu a wata ɗaya, ungozoma biyu kuma mun rage a asibitin. Ki yanko sha'ir ɗinki kamar kullum, ki ɗaure hannunki ya fi na kowa, ki turo mini hoto. Da Kirsimeti zan zo in ɓalle miki duk maɓallan duniya.

Ɓeranki,
Rike


Wendelbruck, ƙarshen Yuli

Rike,

Ina gaisuwa. Lafiya lau. Ki yi haƙuri da rubutun, alƙalamin ne yake yawo.

Ba ki ci ba. Opa zai ji daɗi an tuna da cinyarsa.

Na je gonar Leonhard da lauje. Na kama dami na farko, lauje ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Na zauna a bakin gona kamar mai kallon tsuntsaye, don mai keke da ya wuce kada ya gane. Na ce gobe. Goben ta yi ta zuwa. Da zan roƙi wani ya yanko mini, kafin la'asar labari ya kai kicin ɗin Ottilie, shi ya sa na yi shiru. Ranar da na haɗiye girman kai na aika wa Leonhard, sha'ir ya riga ya nuna, ya yi jawur. Ya kawo mini dami biyu da kansa, bawan Allah. Ko numfashi na yi a kai sai tsaba ta zube. Kambin da za a yi da shi, kafin a kai ƙofar coci ya zama tsintsiya.

Kerstin ta yanki nata tun yana ɗanye. Yana rataye a rufinsu, ana hango shi ta taga.

Ba komai. Ba sai kin zo ba.

Oma


Wendelbruck, farkon Satumba

Ɓerana,

Bayan gaisuwa, ina fata lafiya ce ta ɓoye ki. Ni da sauƙi, likita ya ba ni wani man shafawa mai warin taya. Wannan wasiƙar a zama uku na rubuta ta, saboda haka ki karanta da ladabi.

Tun waccan takardar ban ji ɗuriyarki ba. Mai kawo wasiƙa yanzu in ya hango ni a taga sai ya girgiza kai tun daga gada, don ya rage mini saukowa. Na juya abin a raina. Ko dai kin yi fushi don na ce ba sai kin zo ba, ko kuma kina can kina cin kanki wai laifinki ne. In fushi ne, tun kina cikin zanen goyo kin san bakina. In laifi ne, ki sauke. Tsohuwar da ta mutu sau biyu a wasiƙa aka same ta a kan tsani, wa zai yarda da yatsunta? Ko ni da ban yarda ba.

Har na ciro na'urar daga gwangwani na zauna kusa da waya. Wani mai tallar tagogi ne kaɗai ya bugo. Mun yi hira sosai, matarsa tana da ciwon baya.

Gari ya fara shiri. An tara kabewa a gindin rijiyar kasuwa, an wanke ganuwa ta ɓangaren da baƙi ke gani, ɗaya ɓangaren kuwa Allah ya wanke. 'Yan badujala suna gwaji a bayan gidanmu, na mayar da na'urar cikin sukari. Warin albasa ya cika lungu, kowace mace tana gwajin wainarta.

Za a ɗaure kambi a zauren coci, a makon da ke kafin bikin. A nan zan miƙa wa Kerstin shuɗin kintinkirin sha'ir. Na wanke shi, na goge. Akwai ɗan wurin da kika tauna kina ƙarama, ban gyara ba, su yi ta tambayar kansu. Yarinyar ba ta da laifi, tana gaishe ni har ƙasa. Uwar mijinta ce ke tafiya yanzu kamar ta haɗiye tsinken tsire.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne, ko zagi ne.

Oma Irmtraud


Arewacin Suwidin, tsakiyar Satumba

Oma,

Ina gaishe ki, ina lafiya, ba fushi. Kada ki ba kowa kintinkirin nan. Na maimaita, kada ki ba kowa.

Da na buɗe wasiƙarki ta Yuli na ga ba ki zagi Ottilie ko sau ɗaya ba, sai na san wannan karon gaskiya ne. Na duba rubutun. Na zauna a ɗakin shan shayin asibiti ina kuka kamar waɗanda nake karɓa, ina kallon taga. Oma, me kike tsammani na gani? Gona ce a bayan wurin ajiye motoci, kullum nake wuce ta. Sha'ir, kore shar. A nan ƙanƙara ba ta barin ƙasa da wuri, sai ku kun fara hango girbi su suke gama shuka.

Gonar wani Gunnar ce, ni na karɓi haihuwar tagwayensa. Na ce ina son in yanki sha'ir. Ya ce, "Yanzu? Ko saniya sai ta yi shawara kafin ta ci wannan." Na ce a kai za a ɗora. Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce Jamusawa dai sai a hankali. Lauje bai da shi, da wuƙar yankan burodi na yi aikin. Ya tsaya yana riƙe da jariri a kowane hannu yana ba ni shawara.

Na rataye shi kai ƙasa a ɗakin kwanana, na toshe taga da bargo kamar yadda kike toshe ta ɗakin sama. A falo nake kwana tun lokacin. Abin da ya hana ni rubutu, ruwa aka yi ta zubawa, dami ɗaya ya yi fumfuna na zubar. Na ce ba zan yi miki alkawari ba sai na ga ya bushe, kada in karya miki zuciya sau biyu a shekara ɗaya. Jiya na girgiza zangarniya a kan farin zane. Ko tsaba ɗaya.

Na sami hutu. Zan taho ta jirgin ƙasa da na ruwa, don ba zan ba ma'aikatan jirgin sama kwalin nan su wurga ba. Zan iso ranar ɗauri da rana. Sai dai ki sani, tun ina makaranta rabon da in riƙe wayar ɗauri. Hannu nawa, baki naki.

Kacici-kacicin kuma, tunda ba cinya ba ce, na ce safar Opa.

Rike


Wendelbruck, bayan biki

Ɓerana,

Bayan gaisuwa, muna fata kin isa lafiya, kin koma gadonki. In kin ga rubutun nan ya miƙe kamar soja, ba nawa ba ne. Ottilie ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Ta yi aiki a gidan waya, ta saba karanta sirrin mutane.

(Ƙarya ne. Katin gaisuwa kaɗai, shi ma don a buɗe yake. Ottilie.)

Na san kina wurin, amma ga yadda nake ba da labarin a gari, don in wani ya tambaye ki kada bakinmu ya bambanta.

Wasiƙarki ta iso da sauran lokaci. Na karanta, na sa a ƙarƙashin kyanwa, ban gaya wa kowa ba. Ranar ɗauri na sa baƙar riga, na naɗe kintinkiri a farar takarda, na tafi zauren coci da sanda, wadda ban taɓa riƙewa ba. Na miƙe na yi jawabi. Na ambaci uwata da uwarta, na ambaci shekarar da kogi ya cinye gada aka haye da kambi a kwalekwale. Jirginki ya makara, sai na ƙara da kakar kakata, wadda ban san ko sunanta ba. Matar mai burodi ta fara sharar hanci. Ottilie ta yi kuka.

(Ƙaiƙayin alkama ne ya shiga idona.)

Ta yi kuka har da majina. Sai ga ƙofa ta buɗe, ga ki da kwali mai tsawon akwatin gawa, gashi a hargitse, kina cewa, "Oma, kin bayar?" Na ce, "Ina cikin bayarwa ne tun azahar."

Daga nan aka tashi rigima. Ottilie ta ce, "Kambi godiyar gonar Wendelbruck ne. Yaushe muka fara gode wa Allah da hatsin Suwidin?" Ni kaina na san maganar tana da ƙashi. Sai matar mai burodi ta ce a hankali, "To ni nawa daga gonar ƙanena yake zuwa, can hayin kogi, tun da muka sayar da tamu." Ɗaya daga cikin 'yan ƙofar kudu ta ce, "Namu ma na surukinmu ne." Kerstin, Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta ce, "Mama, ai alkamarmu ma..." Ottilie ta ce, "Ke, wa ya tambaye ki?"

(Ban ce da ƙarfi ba.)

Sai ta zaro zangarniya ɗaya daga kwalinki, ta tsaya a kan farin zanen tebur, ta girgiza ta kamar tana kashe maciji. Ta sa tabarau ta duba zanen. Ta sake girgizawa. Ta ajiye ta ce, "Gemunsa gajere ne." Ɓera, shekarun da na yi da matar nan tun muna aji ɗaya, ban taɓa jin yabo irin wannan daga bakinta ba.

(Gajere ne kuwa.)

Ɗaurinki kuma, gaskiya ɗaya ce, kin fi iya jarirai. Tun ina cewa "ƙanana, ƙanana, kan wannan ya rufe gindin wancan" har muryata ta dushe. Na ce ki ja waya, kika ja kamar mai tsoron ta yi kuka. Na ce ki ƙara ja, kika tsinke ta. Amma da kika kai tsakiyar ƙarfen na ga babban yatsanki ya fara danne kara kafin waya ta zagayo, ba wanda ya ce ki yi. Haka uwata take yi. A nan na ce zan je in duba shayi. Babu wani shayi.

Ranar Lahadi ke kina gaba kina riƙe da sandar kambi, ba ki ga abin da ke bayanki ba, saboda haka ga shi. Hannunmu ya fi sauran siranta, ya ɗan karkace kamar mai jin kunya, kuma da sauran kore-kore a jikinsa tsakanin uku masu ruwan zinariya. Duk wanda ya kalla, shi ya kalla. Da kuka bi ta ƙarƙashin hasumiya, inda duwatsun daɓe suke girgiza mutum har haƙori, alkama ta zubar da 'yar tsaba, tattabaru suka sauko. Namu ko ɗaya.

(Tsaba uku. Kuma iska ce.)

Magajin gari ya sa sarƙarsa ta wuya yana biye da ke, bayansa fasto, bayansu 'yan badujala, sai taraktocin kabewa da dankali. Leonhard ya ɗora ni a kan taraktarsa tsakanin kabewa biyu, baƙi suka yi ta ɗaukar hotona, ina jin sun ɗauka ni ma an nome ni ne. Wani dogo mai kyamara ya tambaye ni me ya sa hannu ɗaya ya bambanta. Na ce masa al'ada ce tun zamanin da aka gina ganuwa, hannu ɗaya dole ya haye teku. Ya rubuta a wayarsa. In kin gani a wani littafi kada ki yi musu.

Sha'ir ɗin Kerstin bai lalace ba, da shi aka ƙawata bagade, kusa da babban burodin, fasto har ya ambace shi. Bayan kin tafi tasha ta zo nan da wainar albasa ta ce in koya mata danne karan da babban yatsa. Na ce sai na yi shawara da magajiyata. Ki ce e, don alkamar gidansu tana buƙata.

(Zan ajiye alƙalamin nan.)

Ba za ta ajiye ba, ta riga ta sha kofi biyu na sabuwar giyar inabi, kuma sauran waina tana kan murhu.

Kambi yana rataye a coci har bikin baɗi. Ina shiga kullum da hantsi, wai addu'a. Kintinkirin yana nan a hannunmu na kambi, wurin da kika tauna yana fuskantar kujerar Ottilie. Yatsuna ba su warke ba, ba kuma za su warke ba, likita ya faɗa, wannan karon na yarda da shi. Na sa an cire maɓallan rigunana an sa zik. Leonhard ya ce baɗi shi zai yanko da kansa tun yana kore, na ce a'a, akwai mai wuƙar burodi.

Saura kacici-kacici. Kin ce cinya, kin ce safa, alhali kin kwana a falo saboda amsar, kin kuma ɗauko ta a kwali tun daga bangon duniya. Tunda bakinki ya ƙi faɗa, Ottilie, rubuta da manyan baƙaƙe.

SHA'IR NE.

Taki,
Oma Irmtraud